Benci ɗaya muka zauna shekara shida, ita aka ɗauka, ni aka bari

Ummi 'yar Jidda:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Yau kwana tara ke nan da fitowar sakamakon neman gurbin jami'a, kuma har yanzu abinci ba ya wuce mini wuya yadda ya kamata. Na rasa wanda zan faɗa wa a gida ba tare da na ƙara masa nauyi ba.

A Jidda aka haife ni, a nan aka haifi mahaifiyata ma. Kakana ya zo aikin Hajji daga ƙasar Katsina ya zauna. Amma iƙama ce a hannunmu, wato takardar izinin zama ta baƙi a Saudiyya, fasfo ɗinmu na Najeriya ne, ƙasar da sau ɗaya na taɓa takawa ina 'yar shekara shida. Babana tela ne, jallabiya yake ɗinkawa a shagon wani.

Na gama sakandare bana a ɓangaren kimiyya da maki 98. Akwai jarrabawa biyu na shiga jami'a: Ƙudurat, ta gwajin basira, sai da na zauna sau uku kafin na kai 91, Tahsili kuma, ta darussan kimiyya, na samu 89. Jami'ar da na nema tana lissafi kamar yadda jami'o'i da dama suke yi, kashi 30 na sakandare, 30 na Ƙudurat, 40 na Tahsili, sai nisbata, wato jimillar makina, ta tashi 92.3. Ban ma saka likitanci ba, don na san ba a cika buɗe wa masu neman minha shi ba, wato gurbin karatu kyauta da ake ba wanda ba ɗan ƙasa ba. Kimiyyar kwamfuta na nema, ta hanyar minhar cikin gida da ake ba masu iƙama. Amsa ta zo layi biyu: ana ba ni haƙuri, babu gurbi.

Aminiyata kuwa an ɗauke ta, a wannan jami'ar, a wannan fannin, da nisba 88 da ɗoriya. Tun ajin farko na mutawassiɗa, wato ƙaramar sakandare, benci ɗaya muke zama. Bahaushiya ce kamar ni, kakarta har gobe ba ta yi mini magana sai da Hausa, a gidansu na fi cin tuwo da miyar kuka. Bambancin kawai, kakanta ya samu jinsiyya, takardar zama ɗan ƙasa, tun zamanin da, nawa bai samu ba. Ni na koya mata ɓangaren lissafi na Ƙudurat. Tun da aka rushe unguwarmu a 2022 muka koma gida mai ɗaki biyu mu shida, don haka sai kowa ya yi barci nake shiga kicin, in jingina waya da robar shinkafa, mu yi ta warware tambayoyi ni da ita har ƙarfe biyun dare.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Baba. Kuɗin ɗinkin azumi ya cire ya biya mini darasin Ƙudurat. Da na nuna masa saƙon, sai ya cire tabarau ya ce in karanta masa. Na karanta. Ya ce in sake faɗa masa da Hausa. Na faɗa. Ya ce, Allah ya sa haka ya fi alheri, ya tashi ya tafi shago, ya bar fulas ɗin shayinsa a bakin ƙofa. Bai taɓa mantawa da shi ba.

Tambayata biyu ce. Wannan adalci ne? Ina so a gaya mini gaskiya, ko da ba za ta yi mini daɗi ba. Ta biyu, ranar Alhamis gidan su aminiyata za su yi mata walima, ta kira ni sau huɗu ban ɗauka ba. Wallahi ina sonta, ba na yi mata baƙin ciki, amma in na tuna zan zauna ana yi mata barka sai ƙirjina ya yi nauyi. Ina tsoron kada ya zama hassada ce ta shige ni ban sani ba.

Abu Fahad, Dammam:

Wa alaikis salam ƙanwata. Allah ya ba ki haƙuri. Amma tun da gaskiya kika nema, ba a zalunce ki ba. Sharaɗin a rubuce yake tun kafin ki cike takarda. Jami'ar gwamnati da kuɗin ƙasa ake tafiyar da ita, ɗan ƙasa yana karatu kyauta har a ba shi alawus duk wata, dole a fara da shi. Minha kyauta ce, ba haƙƙi ba. Ƙasashe da yawa haka suke yi.

Baban Sadiƙ, Madina:

'Yata Ummi, sannu. Na karanta maganarki bayan sallar isha'i, na ajiye waya na daɗe zaune, don ɗana na fari ya sha irin wannan ruwan, kuma ni ne uban da ya manta fulas.

Abu Fahad, ba ka yi ƙarya ba, amma ka tsaya a rabin hanya. Yarinyar nan ba baƙuwa ba ce da ta sauko daga jirgi jiya. Uwarta a nan aka yanke mata cibiya. In an ce mata a fara da 'yan gida, ita wane gida take da shi ban da wannan? Doka tana iya zama a rubuce, a bi ta sau da ƙafa, kuma ta yi wa mutum ciwo na gaske. Ni ba zan iya buɗe baki in ce miki adalci ne ba, 'yata. Abin da zan iya cewa shi ne babu wanda ya zauna ya ƙulla miki sharri.

Ga wani abu da nake so ki gane, don shi ya sauƙaƙa wa ɗana. Ba a ɗora ki a sikeli ɗaya da ƙawarki ba. Layi biyu ne. Ita tana layin 'yan ƙasa, wanda ya haɗa har da 'ya'yan matan Saudiyya da ubanninsu baƙi ne, kuma kujerun can suna da yawa. Ke kina layin minha, inda kujerun ba su taka kara sun karya ba, kuma duk ɗan Yaman, ɗan Misira, ɗan Siriya, ɗan Sudan, ɗan Fakistan da ya tashi a nan ya yi zarra a makarantarsu, a wannan layin yake tare da ke. Wadda ta samu kujerar da kike nema wata yarinya ce da ba ki sani ba, mai yiwuwa ita ma a kicin ta yi karatunta. Ƙawarki ba ta karɓe miki komai ba. Ko da ba ta nema ba, kujerarta ba za ta dawo gare ki ba.

Maganar hassada kuwa, malamanmu sun bambance. Hassada ita ce ki so ni'imar ta gushe daga hannunta. In kina son irin tata ne ba tare da tata ta tafi ba, wannan gibɗa ce, ba laifi a ciki. Ki tambayi zuciyarki, da za a ce miki an soke nata, za ki ji daɗi? Daga yadda kika yi rubutu na san amsar.

Ki ɗauki shayi ki kai wa babanki shago da kanki. Shirun da yake yi ba fushi ba ne. Yana ganin shi ne ya gaza, da ya haife ki ba takarda.

Anti Bilki, Riyad:

Ummi ƙanwata, zo nan in ba ki labari. Ni ma'aikaciyar jinya ce, a Najeriya na yi karatu kafin aiki ya kawo ni.

Kin san yadda jami'o'in tarayya suke ɗaukar ɗalibai a gida? Kashi 45 cikin 100 ne kawai ake bayarwa a kan cancanta zalla. Kashi 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar ne, kashi 20 kuma an ware wa jihohin da aka ce an bar su a baya a ilmin boko. Katsinar kakanki tana cikinsu, da Kano, da Jigawa, da Sakkwato, da Zamfara. Ni ta wannan ƙofar na shiga, ba na ɓoyewa. Lokacin da muke jarrabawa na san wata yarinya 'yar kudu da iyayenta ke sayar da kayan gyaran mota a garinmu. A garin aka haife ta, Hausarta ta fi tawa, makinta ya fi nawa nesa ba kusa ba, amma takardar asalinta ta wata jiha ce. Ni na samu, ita ba ta samu ba. Ta zo har gida ta yi mini barka, ta kawo mini bokiti da kofi na zuwa makaranta. A lokacin ban fahimci abin da ta haɗiye ba kafin ta tako ƙofarmu. Sai yau da na karanta naki.

Har yanzu ina ganin tsarin yana da dalili, don ba don shi ba da garuruwa da yawa a Arewa ba su da ma'aikaciyar jinya mai jin yarensu. Amma dalilin bai share wa waccan yarinya hawaye ba, kuma na daina yi wa kaina ƙaryar cewa ƙoƙarina kaɗai ne ya kai ni. Ƙawarki ma ta san kin fi ta maki. Kira huɗun nan da ta yi, ina jin ba gayyata kaɗai ba ce, ita ma ta rasa yadda za ta kalle ki.

Yanzu ga aiki. Kada ki tsaya a jami'a ɗaya mai suna. Ki duba na garuruwan da ba a cika rububi ba, irin Baha, Tabuka, Najran, Jizan, in Baba zai yarda da zaman hostel. A Jidda akwai reshen Arab Open University da ke karɓar masu iƙama da kuɗi, akwai Effat da Dar Al-Hekma, sai dai waɗannan biyun kuɗinsu ba na ɗan tela ba ne sai da tallafi. In kuma gida za ki nufa, JAMB ta sha yin jarrabawarta a Jidda, ki je ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya ki tambayi yadda za a daidaita takardarki ta sakandare. Sai dai ku zauna da Baba ku yi lissafi tun wuri, don in kina son iƙamarki ta ci gaba da rai kina can, riyal 400 ɗin nan na kowane wata da ake biya wa iyali ba zai tsaya ba, ga bizar fita da dawowa. Kuma Turancinki sai kin ƙara masa ƙarfi, karatun can duk da shi ne.

Ɗan Zazzau, Suwal:

Ƙanwata, ni digiri na biyu nake yi a nan arewa da ku kaɗan. Abu ɗaya zan ƙara. Ƙofar da ta ƙuntata a digirin farko tana faɗaɗa a gaba. KAUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Sarki Abdullah da aka buɗe a nan Suwal a 2009, tana ɗaukar masu digiri na biyu da na uku daga ƙasashe barkatai, da tallafi, jami'ar man fetur ta Dahran ma tana ɗaukar baƙi a wannan matakin. Ni a wata jami'ar jiha na yi digirin farko, wadda ko sunanta ba su taɓa ji ba. Sakamakona da aikin da na yi suka duba.

Wannan rigimar ko Amurka ba ta gama ta ba. Jami'ar Harvard a 'yan shekarun nan wajen mutum 4 cikin 100 na masu nema take ɗauka. A watan Yunin 2023 kotun ƙolinsu ta hana duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, amma fifikon da wasu jami'o'i ke ba 'ya'yan tsofaffin ɗalibansu hukuncin bai taɓa shi ba. Can ma takardar kaka tana aiki.

Abu Fahad, Dammam:

Baba, na karɓi gyara. Na yi magana da doka na manta da mai tambaya. Ummi, ki yafe mini. Ina da littattafan shirin jarrabawar Turanci ta STEP da ƙanwata ta gama da su, in kina so a aiko miki.

Ummi 'yar Jidda:

Na gode, Allah ya saka wa kowa da alheri. Yaya Abu Fahad ba komai, ina son littattafan.

Baba na Madina, na yi abin da ka ce. Na kai shayin bayan la'asar. Yana kan keke bai ɗago ba, sai ya ture tarin yadi ya ba ni wuri a benci, ya miƙo mini wata jallabiya ya ce in cire masa zaren shirin da ke wuyanta. Mun fi awa ɗaya ba wanda ya ce uffan. Da zan tafi ya tambaye ni nawa ne kuɗin zangon farko a Arab Open University ɗin da Anti Bilki ta ambata. Na ce ban sani ba tukuna. Ya ce in tambayo, kada in yanke wa aljihunsa hukunci.

Na kira aminiyata daren jiya. Tana ɗauka ta fashe da kuka, ta ce kwana tara tana jin kamar ta yi mini sata. Ban iya ce mata komai ba sai sunanta. Zan je ranar Alhamis, amma na gaya mata da wuri zan zo in taya kakarta tuƙa tuwo, kuma in baƙi sun fara cika gidan wataƙila in tafi. Ta ce to.

Anti Bilki, don Allah takardar asalin jiha da kika ambata, mutumin da ba a haife shi a can ba, kuma uwarsa ma ba a can aka haife ta ba, ina yake zuwa ya karɓa?