Neman kalma: me za mu kira "dark comedy" da Hausa?

Salamu alaikum, 'yan uwa masu kishin harshe. Akwai kalmar da ta tsaya mini a maƙogwaro tun makon jiya, na ce bari in kawo ta nan mu tauna tare.

Ina zaune a falo da daddare ina kallon Fargo a kwamfuta, zango na biyu, sai Yaya ta shigo ɗaukar caja. Ta tarar na toshe baki ina ƙyaƙyata dariya, a fuskar kwamfutar kuma ga mutum kwance jina-jina. Ta dube ni, ta dubi hoton, ta ce, "Kai kuwa lafiyarka? Mene ne abin dariya a mutuwa?" Na ce mata ai fim ɗin na ban dariya ne. Ta ce ita ba ta ga alama ba. Na ce to na kashe-kashe ne. Ta ce to dariyar me kake yi? Turawa suna da suna guda ga wannan abin, suna cewa dark comedy ko black comedy. Ni kuwa a daren nan na laluba bakina ban samu Hausarsa ba, kuma abin ya tsaya mini a rai.

Ga wanda bai san shi ba: asalin Fargo fim ne na 1996 da 'yan uwan nan biyu, Joel da Ethan Coen, suka shirya. Labarin wani dillalin motoci ne a jihar Minnesota ta Amurka da bashi ya yi wa katutu, ya ɗauko 'yan daba biyu su sace matarsa don ya tatsi kuɗin fansa daga surukinsa. Wata 'yar sanda mai tsohon ciki ce ta bi sawunsu, kuma Frances McDormand ta ci kyautar Oscar da wannan rawar. A 2014 Noah Hawley ya mayar da shi mai dogon zango a tashar FX. Zango biyar ya fito zuwa yanzu, na biyar a 2023, kuma kowane zango da labarinsa da mutanensa da shekararsa: na farko 2006, na biyu ya koma baya zuwa 1979, na huɗu ma har 1950 a Kansas City. Wannan tsarin shi ma yana buƙatar suna, amma ni "mai zango daban-daban" ya wadace ni, ba a kansa nake ba yau.

Bari in nuna muku irin dariyar, don sai an ga dabba ake raɗa mata suna.

A zango na biyu akwai Peggy, mai gyaran gashi a wani ƙaramin gari. Da dare ta kaɗe mutum da mota, rabin jikinsa ya faso gilashin gaba ya maƙale. Ba ta tsaya ba, ba ta kira kowa ba. Ta tuƙo motar har gida da shi a haka, ta shigar gareji, ta rufe, ta shiga kicin ta ɗora abincin dare. Mijinta Ed, wanda yake aiki a shagon nama kuma ba shi da burin da ya wuce ya sayi shagon, ya dawo suka zauna cin abinci suna hirar gida, sai ga motsi daga gareji. Abin da ya sa ni dariya nutsuwar matar ce, yadda take zuba abinci kamar akuya ta taka a hanya. Kuma a cikin dariyar ina jin tsikar jikina na tashi, don wanda ta kaɗe ɗan gidan Gerhardt ne, iyalin da ke riƙe da harkar ta'addancin yankin.

A zango na uku an aiki wani mashayi ya sato kan sarki mai tsada, irin wanda ake manna wa wasiƙa, daga gidan wani attajiri. Takardar adireshin ta faɗi a hanya, ya dogara da abin da ya tuna, ya je wani gari mai suna makamancin wancan, ya kashe wani tsoho da bai san hawa ba bai san sauka ba, don kawai sunan danginsu ɗaya. Rai ya tafi a kan 'yar takarda da iska ta ɗauke.

To yanzu ga kalmomin da na gwada, da waɗanda aka ba ni.

Ta farko da kowa ke kawowa ita ce baƙin barkwanci. Ban yarda da ita ba. Baƙi a Hausa yana da nasa nauyin: baƙar magana, baƙin hali, baƙar aniya, baƙin ciki. Idan ka ce wa Bahaushe wane ya yi baƙin barkwanci, abin da zai ji shi ne an ci mutuncin wani an fake da wasa. Wannan fassarar kalma da kalma ce, ta ɗauko rigar ta bar mutumin.

Wani abokina ya ce dariyar ƙeta. Tana da daɗin faɗa, kuma tamu ce tun asali. Amma dariyar ƙeta ta mai jin daɗin wahalar wani ce, irin wadda ake yi idan maƙiyi ya zame a taɓo. A Fargo akwai mai irin wannan dariyar, Lorne Malvo na zango na farko, wanda Billy Bob Thornton ya fito a matsayinsa, mutumin da ke haɗa husuma don nishaɗi kawai. Sai dai shi ɗan cikin labari ne. Mai kallo ba ƙeta yake yi ba. Lokacin da Lester na wannan zangon, wani ɗan inshora a garin Bemidji da kowa ya raina, ya kashe matarsa da guduma sannan ya ruga ya gwara kansa da bango don a ɗauka shi ma harin ya rutsa da shi, dariya da tausayi da ƙyama ne suke zo maka a lokaci guda.

Yaƙe ya fi kusa. Muna cewa yaƙen da ya fi kuka ciwo, kuma na daɗe ina juya "barkwancin yaƙe" a bakina. Matsalarsa ita ce yaƙe na dole ne, haƙora ne a waje zuciya na ƙuna. Ita kuwa wannan dariyar ta gaske ce, kufce maka take yi, sai bayan ta fita kake jin kunyarta.

Raha mai ɗaci ba laifi, kuma idan jama'a suka zaɓe ta ba zan yi musu ba. Amma siffantawa ce, ba ta nuna maka wuri ko yanayi.

Wurin nan na same shi ne da na tuna rasuwar kakarmu ta wajen uwa. Ta tsufa tukuf kafin Allah ya karɓi abarsa. Ana zaman makoki, tsakar gida cike da mata a kan tabarmi, sai wata jikarta ta fito daga ɗakin marigayiyar ta yafa mayafinta, ta ɗauki sandarta, ta ranƙwafa, tana tafiya irin tata tana faɗan wa ya taɓa mata goro. Muryar sak. Innarmu da ta kwana biyu ba ta ci abin kirki ba ta fashe da dariya, hawaye na zuba, tana cewa "Allah ya shirye ki" tana kuma goge ido da bakin zane. Ba wanda ya manta gawa aka fitar daga gidan nan. Wasan jika da kaka ne ya bi ta har bayan ranta, kamar yadda aka saba a gidaje da yawa idan tsoho ya rasu.

Shi ya sa nake ba da shawarar barkwancin makoki. Mutuwa na nan zaune a cikin kalmar, dariyar ma na nan, kuma ba ƙeta a ciki. Har wani abu ya ƙara ja na gare ta: mutanen Minnesota na cikin Fargo masu kara ne ƙwarai, suna tsaye a kan gawa cikin dusar ƙanƙara suna gaisawa, suna tambayar iyali, suna miƙa wa juna kofin gahawa. Duk wanda ya taɓa zaman gaisuwa ya san wannan yanayin.

Na faɗa wa Kawu, wanda ya daɗe yana koyar da Hausa a sakandare. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, kalmar ta zauna a kunne, amma ka sani makoki wurin addu'a ne, akwai malaman da ma ba sa son wasan jikokin nan. Kuma ba kowane irin wannan fim ne ake mutuwa a ciki ba." Na karɓi ta farkon hannu biyu, shi ya sa na kawo maganar gabanku maimakon in yanke hukunci ni kaɗai. Ta biyun kuwa ina ganin kalma takan faɗaɗa da amfani. Zango ma asalinsa masaukin fatake ne, ga shi yau muna ƙirga finafinai da shi ba wanda ya tambayi ina jakunan.

Na gwada ta a jimla in ji ko za ta yi tuntuɓe: "Fim ɗin barkwancin makoki ne, kada ka kalla da yara." "Marubucin ya iya barkwancin makoki." Ni dai a kunnena ta wuce lafiya. Jiya na faɗa wa Yaya haka, ba tare da wani ƙarin bayani ba. Ta ɗan yi jim, ta ce, "Au, irin na ranar Hajiya Kaka?" Na ce shi fa.

Mutanen Sakkwato da Damagaram da Katsina, idan da wata kalma a bakin tsofaffinku da ta riga tawa, don Allah ku ajiye mini ita a ƙasa.