Igwa ko Mashingan: Wanne Ya Fi Juya Yaƙi?

Malam Sabo: Ni dai har gobe ina nan a kan bakana, a farkon ƙarni na 20 babu makamin da ya kai mashingan ɗin Maxim. Harsashi kusan 600 take fesawa a minti ɗaya. Ku tuna Sakkwato a watan Maris na 1903. Ga dawaki, ga lifidi, ga mashi da takobi, jarumtaka kuwa ba a magana, amma kafin barde ya kai inda mashinsa zai yi aiki an riga an zube shi.

Hauwa'u: Allah gafarta Malam, a Kano fa, wata guda kafin nan, igwa ce ta fasa ƙofar ganuwa. Mashingan ba ta rushe katanga. Haka ma a Yaƙin Duniya na Ɗaya, yawancin waɗanda suka mutu ko suka jikkata a fagen daga igwa ce ta same su.

Malam Sabo: To 'yata, ki duba Somme a Faransa. Sojojin Birtaniya sun yi mako guda suna ruwan igwa a kan Jamusawa, harsashi fiye da miliyan ɗaya. Jamusawa suka lafe a ramuka masu zurfi, wayar ƙaya ma a wurare da dama ba ta yanke ba. Da igwa ta yi shiru ranar 1 ga Yuli, 1916, sai suka fito da mashingan suka girke. A wunin nan kaɗai sojan Birtaniya fiye da 19,000 suka mutu. Yara matasa, suna tafe a fili da kaya a baya. Abin yana taɓa ni sosai.

Bashir: Kawu, ku duka kun tsaya a tudu. Jirgin yaƙin ƙarƙashin teku fa? A Fabrairun 1917 Jamus ta koma nutsar da jiragen kaya ba sani ba sabo, don ta kashe Ingila da yunwa. Watan Afrilu Amurka ta shigo yaƙin.

Hauwa'u: Wannan ai maganin da ya ƙara ciwo ne, Yaya Bashir, Jamus ta janyo wa kanta sabon abokin gaba.

Bashir: Shi ya sa na kawo shi. Wane makami ne kuma ya jawo ƙasa guda cikin yaƙi?

Malam Sabo: Bashir, tambayi dalilin ƙera tankar yaƙi. An fara fito da ita a Satumban 1916 ne don ta taka wayar ƙaya, ta ratsa wutar mashingan.

Hauwa'u: Kuma me ya fi ragargaza tankokin nan, Malam? Igwa. Ban sauka ba.