Wace kalma za mu ba "taiga" da Hausa?

Jama'a, ina neman shawararku a kan kalmar "taiga", wadda ta samo asali daga Rashanci, kuma da ita ake kiran dajin nan da ya yi wa arewacin duniya ɗamara, tun daga Suwidin da Finlan, ya ratsa Saiberiya, ya ci gaba a Alaska da Kanada. Itatuwansa dogaye ne masu ganye siriri kamar allura, kuma yawancinsu ba sa kaɗe ganye ko da dusar ƙanƙara ta lulluɓe su.

Wani malami ya ce a kira shi "gandun daji", amma ban gamsu ba, domin gandu wuri ne da hukuma ta shata ta hana sara, alhali mutanen taiga da saran itace suke ci. A Finlan kusan kashi uku cikin huɗu na ƙasar daji ne, kuma katako da takarda na cikin manyan kayan da take fitarwa. Abin mamaki ma, a wurare da dama hunturu ne kakar aiki, domin sai fadamu sun daskare manyan motoci ke iya shiga su kwaso gumagumai. A Saiberiya kuwa, fatun namun daji ne suka fara jan Rashawa gabas tun ƙarshen ƙarni na 16, kuma da yake manyan kogunanta, Ob da Yenisei da Lena, duk arewa suke kwarara zuwa teku mai daskarewa, safarar kaya ba ta yi sauƙi ba sai da aka shimfiɗa layin dogon da ya ratsa Saiberiya, wanda aka soma a 1891.

"Dajin ƙanƙara" ya fi dacewa da tundra, filin da ke gaba da taiga inda itace ba ya girma. "Kurmin arewa" kuma zai sa mai karatu ya ɗauka Arewarmu ake nufi.

Ni dai na tsaya a kan "kurmin sanyi". Na san kurmi a kunnen Bahaushe yana tafe da damshi da zafi, amma jigon ma'anarsa shi ne itatuwa masu yawa da suka haɗe har suka yi duhu, sai "sanyi" ya raba shi da kurmin Kwango da na Amazon. Idan akwai mai kalmar da ta fi wannan, don Allah ya kawo ta tare da hujjarsa.