Intakom ɗin ofis ya lalace, Alhaji ya ce in nemo mafita kafin ƙarshen wata

Mai tambaya: Salam ƴan uwa, dan Allah ku taimaka mani, kaina ya kulle. Ofishinmu na wajen Ƙofar Kaura, taki da iri muke saidawa, bene ne sai sito a baya. Intakom ɗinmu tun zamanin NITEL yake, mahaifin Alhaji ya sa aka haɗa shi, shi ya sa ba ya son a taɓa, wayar teburin marigayin ma tana nan kullum ana goge mata ƙura. Da damina tsawa ta ƙone kati guda a akwatin intakom ɗin, layi 8 cikin 16 suka mutu, mai gyara ya je har Kano bai samo ba, yanzu in kashiya na neman mai sito sai dai ta tura masinja. Na ji ana cewa Asterisk, manhajar da ke mai da kwamfuta intakom, kyauta ne, kuma akwai tsohuwar kwamfuta ƙarƙashin tebur. Zai yi?

Injiniya: Zai yi mana, Malam. Tun 1999 ake amfani da Asterisk a duniya. Ka sa FreePBX, manhajar da ake sarrafa shi da ita, a kai, daga burauza zaka riƙa buɗe layuka. Kira tsakanin ofis da sito bai cin data ko kaɗan, kan netwok ɗin cikin gida yake bi. Amma manhajar ce kawai kyauta. Tsoffin wayoyinku analog ne, sai ka sayi ATA, ɗan akwatin da ke haɗa tsohuwar waya da netwok, ka jona su, ko ka zubar ka sayi na IP masu hawa netwok kai tsaye, da suwic mai PoE, wato mai ba wayoyin wuta ta kebul ɗin netwok. Ni na ce ka zubar.

Hajiya mai kemis: Hmm. Mu haka aka yi mana, yaron da ya haɗa ya tafi bautar ƙasa da faswod ɗin a kansa, waya ta mutu ba mai iya taɓawa, kuɗina ko kwabo ban gani ba har yau. Ɗana ka yi wa ma'aikatan CUG, wato layukan salula na rukuni masu kiran juna, kowa ya riƙe a aljihu ka huta.

Mai tambaya: Hajiya mun taɓa CUG, yara tafiya suke gida da wayoyin. Injiniya kuma zubarwa ba zata yiwu ba, na faɗa maku yadda Alhaji yake da su.

Ɗan Daura: Duk ba ku yi maganar wuta ba. Tsohon akwatin ɗan batir ya ishe shi, kwamfutar tebur in aka ɗauke wuta ofis duka ya yi shiru. Ka nemi Raspberry Pi, ƴar ƙaramar kwamfuta mai cin wuta kaɗan, ka ɗora kan sola. Mu nan taransifomarmu ta lalace tun kafin azumi, karo-karo muka yi har sau biyu shiru.

Injiniya: Pi na wasan yara ne, katin memorinsa na mutuwa ba sallama. Ƙaramar kwamfuta da inbata, shikenan. Kuma kiran mutanen wajen ofis fa? Ko akwatin GSM mai cin sim, ko layin SIP, wato layin waya ta intanet, daga kamfani. In SIP ne kar ka bar ƙofar 5060, inda kiran ke bi a netwok, a buɗe, ɓarayin intanet na lalube dare da rana, su shiga su yi ta buga ƙasashen waje da kuɗinku. Ka sa fail2ban, manhajar da ke toshe mai yawan gwada faswod, da faswod mai ƙarfi. Nawa Alhaji ya ware?

Mai tambaya: Bai faɗa ba tukun. Kwamfutar nan lafiyarta lau wallahi, fanka ce kawai ke ƙara, kuma muna da janareto.

Ɗan Daura: Janareton da ake kashewa ƙarfe 4?

Hajiya mai kemis: Ni dai tambayata, ranar da kake gida da zazzaɓi waye zai gyara?