Lakar ruwan kwata: a rage ta, a samu wuta

Shawarar da aka fi tsayawa a kai game da lakar da ke taruwa a wurin tace ruwan kwata ita ce a fara matse ruwan lakar tukuna, don yawancinta ruwa ne zalla, jigilarsa a tanka asarar mai ce kawai. Sai a zuba ta a rufaffen tankin da iska ba ta shiga, ɗumi wajen digiri 35, kamar kwana 20, bakteriya su cinye ta gas ya fito a kunna janareta, zafin injin kuma ya koma ɗumama tankin. A Blue Plains, wurin tace ruwan kwata na Washinton, tun 2015 da tururi suke fara dafa lakar. Amma don Allah in ruwan majemun Challawa ta Kano mai sinadarin kuromiyam ya shiga kwatar, kar a kai ragowar lakar gona a matsayin taki.