Taƙaitawa: aikin malami wajen duba binciken ɗalibi

Jama'a, ga abin da na tsinto daga bayananku:

1. Kowa ya yarda malami jagora ne, ba shi zai rubuta ba. Ya taimaka a matse batu: maimakon tarihin Kaduna gaba ɗaya, a ɗauki durƙushewar masaƙun Kakuri.
2. Malami da ɗalibi su yi zama uku aƙalla, a rubuta abin da aka tsayar.
3. Ya tura ɗalibi Gidan Arewa, cibiyar adana takardun tarihi da ke Kaduna, ya duba takardu, kada ya tsaya kan intanet.
4. Ya tambaye shi baki da baki. Wanda ya kwafo sai kame-kame.

An rabu kan gyaran daftari. Wasu sun ce karatu ɗaya da sharhi a gefe ya isa, ni ma nan na karkata. Wasu sun ce mai raunin Turanci yana buƙatar ƙari.