Dan Allah jami'a tana taimaka wa ɗalibi mai sana'a kuwa?

'Yar aji uku: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Ina haɗa yajin daddawa da na tafarnuwa ina sayarwa a hostal tun ina aji ɗaya, yanzu alhamdulillahi oda ta fara yawa har 'yan cikin gari suna kira amma jarin bai taka kara ya karya ba, kuma niƙa sai na je kasuwa kuɗin adaidaita ya cinye ribar. An ce makarantarmu na da cibiyar koyar da sana'o'i, shin suna ba da jari ne ko karatun cin jarabawa ne kawai? Sannan ƙawata ta ce in ɗiba daga kuɗin NELFUND, wato asusun ba ɗalibai bashin karatu na gwamnatin tarayya, in ƙara, me kuka gani?

Ɗan Zariya: Wa'alaikumussalam ƙanwata. Ki cire rai da tsabar kuɗi daga jami'a, abin da suke da shi wuri ne da kayan aiki da takardar shaida. Tun da NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, ta wajabta kwas ɗin sana'a ga kowane ɗalibi kusan kowace jami'a ta buɗe cibiya, ta ABU Zariya ana kiranta ICERFE, ta BUK Kano kuma CAERT, ga kuma makarantar kasuwanci ta Ɗangote. Ki je da yajin a hannunki ba da baki kawai ba, ki tambaya ko suna da injin niƙa ko na liƙe leda da za ki riƙa amfani da shi.

Maman 'yan biyu: Hmm ni dai lokacinmu sabulun ruwa muka haɗa rana ɗaya aka ɗau hoto aka ba mu maki shikenan, injinan ma a kulle suke ƙura ta rufe. Ki je dai amma kar ki sa rai sosai. Batun NELFUND kuwa wallahi kar ki fara, bashi ne ba kyauta ba, dubu 20 ce a wata don ki ci abinci, kuma shekara 2 bayan bautar ƙasa za a fara karɓa. In kina son jari ki shiga adashi da 'yan ɗakinku.

Malamin jami'a: Hajiya ba ki yi ƙarya ba, akwai wuraren da haka abin yake. Amma mu ma muna da namu ƙorafin, ɗalibai ba sa zuwa sai ranar da aka ce za a raba kuɗi. 'Yata, inda muke da amfani shi ne mu shirya ki ki nemi kuɗin a waje. Gidauniyar Tony Elumelu tana buɗe shafinta ranar 1 ga Janairu duk shekara kuma dala 5,000 take ba wanda ya yi nasara, akwai gasar Enactus da ƙungiyoyin ɗalibai ke shiga, ga SMEDAN, hukumar tallafa wa ƙanana da matsakaitan sana'o'i, kuma duk cikinsu babu wanda zai saurare ki in ba ki da tsarin kasuwanci a rubuce da lissafin shiga da fita, wannan kuwa zama ɗaya ko biyu da malami zai gyara miki shi ba ko sisi.

Tunda kayan ci ne, ki leƙa sashen kimiyyar abinci su duba miki danshin yajin, shi ne ke sa ya dunƙule ko ya yi fumfuna a roba. Ki yi rajistar sunan sana'ar a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, daga baya NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna, don manyan shaguna ba za su karɓa ba sai da lambar NAFDAC. Kuma ki nemi izini a ofishin kula da harkokin ɗalibai kafin wata rana a kwashe miki kaya a hostal.

Ɗan Zariya: Sai kuma karatu fa, lokacin jarabawa ki rufe oda, kwastoma zai dawo.

'Yar aji uku: Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, Litinin in sha Allah zan je. Malam lissafina a littafi nake rubutawa da biro, ya isa ko sai na sa a kwamfuta?

Malamin jami'a: Ya isa in dai akwai kwanan wata. Ki dai ware kuɗin yaji daga wanda Baba ke turo miki, ki buɗe masa akawun daban kafin ki je.